Sa Hannun Sufeto: Wasiƙar Akawu Daga Karare

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ara mini filin nan da ka saba ba ni, gama yau ina da magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, har da iyayenmu malaman zaure, bisa wata sana'a wadda mu mutanen Arewa ba mu kula da ita ba, alhali kuwa rashinta yana cin rayukanmu kowace shekara. Sana'ar nan ita ce ta duba lafiyar jiragen ruwa da manyan injuna kafin a bar su su yi aiki.

Na san wani zai karanta wannan ya yi dariya, ya ce, "Kai Akawu, ina Karare ina teku? Mu da ba mu san wani ruwa ba sai na rijiya da na rafi in damina ta yi, me ya gama mu da jirgin ruwa?" To, a yi mini haƙuri a ji abin da ya kawo maganar tukuna.

Kwanakin baya ɗan yayata ya zo ya same ni da la'asar. Yaro ne mai hankali, yana karatun aikin injuna, ya gama shekararsa ta fari ta neman ƙaramar difloma. Bayan mun gaisa sai ya fito da wani littafi daga jaka, ya ajiye a gabana, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Kawu, alfarma na zo nema. An sake mu wata 4 mu je koyon aiki, ga littafin da za a riƙa rubuta abin da mutum ya yi kowace rana. Ni kuwa ba ni da masauki a Kaduna ko Kano, ga tsadar abinci. Abokaina sun ce ba sai mutum ya wahalar da kansa ba, akwai inda a ke ba da ɗan abin goro, a cika littafin, a buga hatimi, a sa hannu, shi ke nan. Tun da kai akawu ne, ka san mutane, na ce ko za ka yi mini hanya."

Na ce masa, "To, in ka gama karatun, wane aiki ka ke so ka yi?"

Ya ce, "Wallahi Kawu, wani malaminmu ya ba mu labarin masu duba jiragen ruwa a Ikko da Fatakwal, waɗanda in ba su sa hannu ba jirgi ba ya tashi. Aikin nan na ke sha'awa."

Jama'a, ku dubi wannan al'amari! Yaro yana son aikin da ba shi da jari sai sa hannu na gaskiya, ga shi kuwa yana neman ya shiga ƙofarsa da sa hannun ƙarya. Ban yi masa faɗa ba, don na ga ba mugunta ce ta kawo shi ba, talauci ne da rashin mai nuna masa hanya. Na dai ce ya kwana, na zauna na yi masa bayanin abin da na sani. Bayanin nan ne na ke so in maimaita a nan, don na tabbata ba shi kaɗai ne ke riƙe da irin littafin nan a ƙasar Katsina ba.

Asalin sana'ar nan daga fatake ne. A birnin Landan akwai wani mai gidan shan gahawa wai shi Edward Lloyd, inda masu jirage da attajirai da masu inshora su kan taru suna jin labarin teku. Mai inshora kuwa, watau wanda ya ɗauki alkawarin biyan hasara in jirgi ya nutse, ba ya son ya lamunci ruɓaɓɓen jirgi. Saboda haka a 1760 suka kafa ƙungiya, suka sa tsofaffin matuƙa da masassaƙan jirgi su riƙa zagawa suna duba kowane jirgi, suna rubuta darajarsa a littafi. Ƙungiyar nan ita ce Lloyd's Register, tana nan har yau. Daga baya waɗansu suka bi sawu: Bureau Veritas a 1828, wadda yanzu gidanta ke Faransa, da ABS ta Amurka a 1862, da DNV ta Norwe a 1864. Turawa suna kiran ma'aikacinsu safiyo, suna ɗaya da mai awon ƙasa wanda muka sani, amma wannan ƙarfe ya ke awo.

Duk da haka mutane ba su daina mutuwa ba, domin akwai masu jirgin da kan labta wa tsohon jirgi kaya fiye da kima, su yi masa inshora mai tsoka, su tura shi teku. In ya kai sun ci riba, in ya nutse ma sun ci riba, matuƙa kuwa ko oho. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya tsaya kai da fata a kan wannan, har a 1876 aka yi doka cewa lalle a zana alama a jikin kowane jirgi, kada a yi lodin da zai sa ruwa ya wuce ta. Amma ku ji inda gizo ke saƙa. Dokar ta bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai zana alamar da kansa! Ashe an ba kura ajiyar nama. Sai a 1890 aka gyara, aka ce hukuma ce za ta ƙayyade wurin. Alamar tana nan a jikin kowane babban jirgi, da'ira ce da layi ya ratsa ta, da haruffa biyu na ƙungiyar da ta yi awon. Kusa da ita akwai waɗansu layuka kamar tsani, gama jirgi ya fi nitsawa a ruwan kogi bisa ga ruwan gishiri, don ruwan gishiri ya fi nauyi.

Haka kuma babbar yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, wadda a ke kira SOLAS, ba a yi ta ba sai da jirgin Titanic ya nutse a 1912 da mutum fiye da 1,500, aka tarar jiragen ceton da ke cikinsa ba su isa mutanen ba. Aka ƙulla ta fari a 1914, wadda a ke aiki da ita yanzu kuwa ta 1974 ce, ana ta yi mata ƙari. Kusan kowace doka a sana'ar nan, in ka tona, za ka tarar gawawwaki ne suka jawo ta.

To, mu baro Turai mu dawo gida. Ran 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola na gwamnatin Sanigal ya taso daga Ziguinchor za shi Dakar, ya kife a tekun da ke daura da Gambiya. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, amma waɗanda hukuma ta ƙidaya sun mutu 1,863 ne, waɗanda suka tsira 64 kacal. Ya fi Titanic ɓarna, amma mutum nawa cikinmu suka san sunansa? Mu ƙara matsowa. A watan Mayu 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya karye a kogin Kwara kusa da Wara, ƙasar Ngaski ta Jihar Kebbi, 'yan kaɗan aka ceto. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar nan kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai ta Jihar Kano, mutum a ƙalla 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya, suna kan hanyar zuwa Maulidi. A 2022 aka yi irinsa a ƙasar Mai'aduwa, nan Jiharmu, cikin kwanakin ƙaramar salla, yara suka halaka. A watan Yuni 2023 kuma mutum fiye da 100 suka tafi a ƙasar Fategi suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu.

Yanzu mai dariyar nan ya sake tambayata me ya gama mu da jirgin ruwa. Mu da ke tsakanin dam ɗin Zobe na Dutsin-Ma da na Jibiya, ga na Ajiwa can gaba da Katsina, mu ce ruwa bai shafe mu ba? In an yi irin wannan haɗari mu kan ce ƙaddara, kuma gaskiya ne rai ba ya wuce kwanansa. Amma wanda ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali, shi ne ya bi koyarwa. Katakon da ya ruɓe bai ruɓe dare ɗaya ba, mutum 50 kuma ba su shiga jirgin mutum 20 a ɓoye ba. Abin da aka rasa shi ne mutum guda a bakin gaɓa, mai sani, mai iko, wanda zai ce, "Wannan ba ya tashi."

Bari in faɗi yadda aikin ya ke, don kada yaro ya zaci zaman ofis ne da fanka bisa kai, irin nawa. Babban jirgi ana duba shi kowace shekara, a yi masa babban bincike kowace shekara 5, cikin shekarun nan kuma sau biyu a ke duba gindinsa, yawanci a shigar da shi wani kwarami a janye ruwa ya tsaya a kan tudu. Safiyo ya kan sa kayan aiki da hular kwano, ya rataya tocila, ya riƙe guduma, ya sauka cikin tankunan da ke ƙarƙashin jirgi, wurin duhu da zafi da tsatsa da laka, wani wurin ma sai da rarrafe. Kafin ya shiga sai an auna iskar ciki da na'ura, domin iskar da mu ke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata shi ne mai rayarwa, tsatsa kuwa tana cinye shi a rufaffen tanki. Mutum ya kan shiga lafiya lau, ya faɗi ba ko ihu, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi. Zai duba injin, da famfunan kashe gobara, da jiragen ceto, da sarƙar anga, da fitilu, da takardun matuƙa.

Gudumar nan kuwa kada ku raina ta. Kun ga yadda iyayenmu mata kan ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su saya, in ta yi ƙara garau su ɗauka, in ta yi gaf-gaf su ajiye? Ilmin ɗaya ne. Sai dai yanzu an ƙara masa dabaru. Akwai na'urar da a ke ɗora wa ƙarfe ta tura sauti ciki, sautin ya dawo, ta faɗi kaurin ƙarfen ba tare da an huda shi ba. Akwai jan ruwa da a ke fesa wa wurin walda, a jira 'yan mintoci, a goge, a fesa farin gari. In akwai tsaga ko da ta fi gashi siranta, sai jan ya tsattsafo ya nuna kansa. Akwai ta maganaɗisu da garin ƙarfe, akwai kuma ta ɗaukar hoton cikin walda, kamar yadda likita ke ɗaukar hoton ƙashi. Kowace ɗaya sana'a ce mai zaman kanta, da jarrabawarta, da matakai uku: na fari yana gwaji a ƙarƙashin wani, na biyu yana fassara abin da ya gani ya sa hannu, na uku shi ke tsara yadda za a yi, ya horar da na ƙasa.

Masu wannan aiki iri-iri ne. Akwai na ƙungiyoyin nan da na ambata. Akwai na gwamnati: a teku hukumar NIMASA, wadda aka kafa a 2006, ita ke duba jiragen Nijeriya, kuma bisa yarjejeniyar da ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka suka sa wa hannu a Abuja a 1999, sufetonta yana da ikon hawa jirgin baƙi in ya shigo tasharmu, in ya ga aibu babba ya tsare shi har sai an gyara. A koguna da tafkuna kuwa hukumar NIWA ce, an kafa ta a 1997, babban ofishinta yana Lakwaja. Ita ce ta hana tafiyar dare, ta ce kowane fasinja ya sa rigar ceto. Dokar tana da kyau a takarda. Amma daga Yawuri zuwa Lakwaja, daga Lakwaja zuwa Yola, mashigi nawa ne? Wa zai tsaya a kowane? Kuma wanda zai yi magana da Sarkin Ruwa da matuƙan kwale-kwale su ji, ai gara ya zama mai jin harshensu, wanda ya san yadda a ke gaida manya.

Hanyar shiga ta teku tana da tsawo, ban ɓoye wa yaron ba. Sai ya ci darussa 5 a jarrabawar gama sakandare, da Turanci da lissafi da kimiyyar fizik a ciki. Malaman makaranta, a nan ne ku ke da hannu, gama yaro da yawa a ƙauyukanmu ya kan gudu daga ajin kimiyya tun yana ɗan shekara 15, bai san ƙofa nawa ya rufe wa kansa ba. Daga nan sai ya nemi makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke Oron, Jihar Akwa Ibom, wadda ta fara aiki a 1979, ko jami'ar harkokin teku da ke Okerenkoko, Jihar Delta, wadda ta buɗe a 2018. Za a gwada lafiyarsa da idonsa, domin wanda ba ya bambanta ja da kore ba ya tuƙi. Jar fitila ita ce hagun jirgi, koriya dama. Za a koya masa kashe gobara, da taimakon gaggawa, da yadda zai tsira in ya faɗa ruwa. Ɗan tudu kada ya ji tsoro, iyo abin koyo ne. NIMASA kuma tun 2008 ta fito da wani shiri na tura samari ƙasashen waje koyon aikin teku, wanda gwamnatocin jihohi kan shiga su biya wani kashi na kuɗin.

Amma ga inda ƙaya ta ke. Bisa ƙa'idar duniya, ɗalibi ba ya samun takardar zama hafsan tuƙin jirgi sai ya yi a ƙalla wata 12 a teku yana koyo, ana rubuta abin da ya yi a littafi, manyansa suna sa hannu. To, ina jiragen? Dā Nijeriya tana da kamfanin jiragenta, an kafa shi a 1959, har akwai jirgi mai suna Ɗan Fodiyo da mai suna El-Kanemi suna zirga-zirga tsakanin Ikko da Libaful. Kamfanin ya durƙushe, aka rufe shi a 1995. Tun daga nan samun gurbin koyo a teku ya zama babbar wahalar ɗaliban nan, wani ya gama karatu ya shekara da shekaru yana jiran jirgi. Kuma ko ya samu, ba ranar ya ke zama safiyo ba. Yawancin safiyoyi tsofaffin injiniyoyin jirgi ne ko kaftin-kaftin, ko kuwa masu digirin ƙera jirgi waɗanda kamfani ya ɗauka suna sababbi, ya haɗa su da wani babba su yi ta bin sa suna riƙe masa tocila, sai an ga hankalinsu sa'an nan a sake su su sa hannu su kaɗai.

Don haka na ce wa ɗana ya dubi hanya ta biyu, wadda ta fi kusa da mu, watau duba injuna a tudu. Dokar masana'antu ta 1987 ta ce sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya a duba su kowane wata 6, tukunyar tururi kuwa kowane wata 14, kuma wanda hukuma ta yarda da shi ne zai duba. Ma'aikatar Ƙwadago ke riƙe da wannan. Ku duba abin da ke kewaye da mu. An buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, kowace kuwa da injunan ɗaga akwatunan ƙarfe ta ke aiki. An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, ta Katsina da Jibiya za ta bi, nan bakin ƙofarmu. An fara shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, tsawonsa kilomita 614, kuma irin wannan bututu guntu-guntu a ke haɗa shi da walda, ana gwada haɗin kafin a binne. Ga gidajen gurzar auduga, da na casar shinkafa, da tankunan mai, da tukwanen gas da suka shiga gidajenmu. Wanda ya iya gwada walda a Funtuwa zai iya gwada ta a jikin jirgi a Fatakwal, ƙarfe ba ya sake hali don ya ga teku. Karatun fari kuwa ana samunsa a Kwalejin Hassan Usman ta Katsina, ko ta Kaduna, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba sai an ƙetare Kwara ba.

Wannan ya maido mu ga littafin da ke kan teburina. Shirin koyon aikin nan, wanda a ke kira SIWES, hukumar ITF mai babban ofishi a Jos ita ta fito da shi a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa 'yan makaranta suna fitowa da takarda amma ba su san kan sifana ba. Ɗan difloma wata 4 ya ke yi, ɗan jami'a wata 6, tsakanin ƙaramar difloma da babba kuma akwai shekara guda cur ta aiki. A ganina watannin nan sun fi kowane zango na aji daraja ga mai son zama sufeto. Ta yaya za ka ce walda ba ta yi ba, kai da ba ka taɓa riƙe abin walda ba? Mai waldan zai dube ka sau ɗaya ya san kai baƙo ne, daga ranar kuwa ya raina ka. Mai kamfani ma in ya zo ɗaukar ma'aikaci, ba hatimin ya ke dubawa ba. Ya kan miƙa wa yaro ma'auni ya ce auna mini kaurin wannan, cikin minti guda ya gane wanda ya je da wanda ya saya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ranar da yaron nan ya zama sufeto, zai tsaya gaban mai jirgi ko mai masana'anta, wanda kowace rana ta tsaiko hasara ce a gare shi. Za a yi masa magana mai daɗi, a ce tsagar ai ƙarama ce, a bari sai zuwa na gaba. Za a tuna masa cewa wane abokin mai gidansa ne. Za a sa masa ambulan cikin mota. In duk bai yi ba, a yi masa barazana. Ba mai ganinsa a cikin tankin nan sai Allah, abin da ya rubuta shi duniya za ta gaskata, mutanen da za su hau jirgin kuwa ba su san sunansa ba, balle su roƙe shi. Ni akawu ne, na san nauyin alƙalami daidai gwargwado, amma in na yi kuskure kuɗi ne ke ɓata, a gyara a wata mai zuwa. To, yaron da ya koya tun yana ɗan shekara 20 cewa sa hannu abin saye ne da kuɗin goro, yaya zai yi ran da aka zo sayen nasa? Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Laifin kuwa ba na yara kaɗai ba ne, har da mu. Wa ke buga hatimin? Akawu ne irina, ko wani babba a ofis, yana ganin taimako ya yi. Malamin da aka aika ya zaga ya ga ɗalibai a wurin aikinsu, wani ya kan zauna a gari guda ya ce a kawo masa littattafan. Kuɗin guzurin da a ke ba ɗalibai kuwa ba ya kai su ko'ina. Ga mutanenmu na Batsari da Safana, waɗanda 'yan bindigar dajin Rugu suka raba da dabbobi da gonaki cikin shekarun nan, uba da ƙyar ya ke haɗa kuɗin makaranta, balle na haya a birni. Duk na san wannan. Amma dā can da wane kuɗi almajiri ke zuwa gabas? Ai da zumunci ne. Babu garin da ke da masana'anta a ƙasar nan wanda ba a rasa Bakatsine a cikinsa, a Sabon Gari ko Zango ko Tudun Wada. Ina roƙon ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwanmu da ke Kaduna da Kano da Ikko da Fatakwal, kowace ta ware ɗaki guda da tabarma don yaran da suka zo koyon aiki. Ina kuma roƙon hukumar Jiharmu, in an ba da guraben karatun teku, a yi shela a rediyo da Hausa, a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, kada labari ya tsaya a gidajen manya.

Gargaɗi ɗaya ga samari. Akwai macuta da kan ce a biya su kuɗi su sama wa mutum aiki a jirgi ko a hukuma, akwai kuma masu sayar da takardar shaidar kwana uku su ce mutum ya zama sufeto. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi wanda ke cikin sana'ar, ka bincika ko hukumar da ke kula da fannin ta san makarantar.

Shi ɗan yayata, da gari ya waye na rubuta wasiƙa zuwa ga wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda ke aiki a Kaduna, na roƙe shi ya ba yaron wurin kwana. Na haɗa masa kuɗin mota, uwarsa ta ɗaura masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Ya sha yawo kwana 9, wurare 6 suka ce ba gurbi, na bakwai suka karɓe shi, wani wuri ne da a ke ƙera tankunan mota. Makon jiya ya yi mini waya. Ya ce, "Kawu, mako biyu ban yi kome ba sai kankare tsatsa da buroshin ƙarfe, hannuna duk ya yi kanta. Amma jiya mai gidana ya ba ni jan ruwan nan na fesa da kaina, na ga tsaga a inda kowa ya ce lafiya lau ne. Ya sa aka fasa waldar aka sake." Na tambaye shi littafin fa? Ya ce yana rubutawa kowace yamma, mai gidan kuwa ba ya sa hannu sai ya karanta, har ya soke masa layi biyu don ya rubuta abin da kallo kawai ya yi, bai taɓa da hannunsa ba.

In akwai wani cikin masu karatu da ke aikin nan, ko a Ikko, ko Lakwaja, ko Oron, ina roƙo ya rubuto wa Edita yadda ya shiga da abin da ya tarar, don yaranmu su ji daga bakin mai ita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa wa malamin nan na Safana da ya yi tambaya a kan jarrabawar shiga aikin gwamnati.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Karare.